Ɗalibar Ƙarshe ta Makarantar Gortnaveen

Duk wanda ya yi aikin kula da tsofaffi a Amurka ya san kowane tsoho da irin rigimarsa. Wani ba ya son wanka, wani yana ɓoye magani a ƙarƙashin harshe, wani kuma sai ya rantse an sace masa agogon da ke ɗaure a hannunsa. Kaltouma ta ga duk waɗannan a shekarun da ta yi tana shiga gidajen mutane a Greensboro, tun zuwanta daga Tasawa ta ƙasar Nijar. Amma ba ta taɓa haɗuwa da tsohuwar da rigimarta ta makaranta ce ba, sai da kamfaninsu ya tura ta gidan Scholastica.

Gidan yana McLeansville, gabas da gari, inda gidaje ke warwatse cikin gonaki, maƙwabcinka sai ka shiga mota kafin ka gaishe shi. Scholastica Baturiya ce 'yar ƙasar Ireland, ta haura tamanin da biyar. Ta zo Amurka tun tana budurwa, ta yi aikin jinya har ƙarfinta ya ƙare. Mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya tilo, Nuala, tana aiki a Charlotte, tana leƙowa ranar Asabar da rana. Sunan tsohuwar ya fi ƙarfin bakin Kaltouma, saboda haka tun ranar farko ta ce mata Mama, ita kuwa ta amsa.

Ciwon mantuwa ne ya kama ta. Nuala ba ta ɓoye wa Kaltouma komai ba. Ta ce uwarta ta sa ta yi alkawari, tun hankalinta na jikinta, cewa za a bar ta ta mutu a gidan nan, a ɗakin da mijinta ya mutu. "Zan riƙe alkawarin muddin ba ta fita titi ba," in ji Nuala. "Ranar da ta fita ta ɓace, likita zai ce a kai ta gidan tsofaffi inda ake kulle ƙofa, ni kuma ba zan iya yi masa gardama ba."

Washegari da safe Kaltouma ta tarar da tsohuwar sanye da katuwar rigar sanyi, tana birkice kicin tana kuka. Ta buɗe firji, ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta zazzage kwandon shara. Da Kaltouma ta tambaye ta abin da ta rasa, sai ta ce da muryar yarinya, "Ba ni da curin wuta. Na makara, kuma ba ni da curi. Malam zai ajiye ni a bakin ƙofa."

Sai da Kaltouma ta zaunar da ita ta lallashe ta kafin ta gane zancen. A ƙauyensu, Gortnaveen, ba su da itace. Baƙar ƙasar fadama suke yankawa kamar tubali, su shanya ta bushe, da ita suke girki, da ita suke jin ɗumi. Al'adar makarantar ƙauyen ita ce kowane yaro ya zo da curi guda a hammatarsa kowace safiya, a zuba a murhun aji. Wanda ya kawo ya zauna kusa da wuta. Wanda ya zo hannu rabbana kuwa, wurinsa bakin ƙofa, inda iska ke shigowa. Akwai shekarar da mahaifin Scholastica ya kwanta ciwo, ba a yanki ƙasa a gidansu ba, ta yi sanyin shekarar gaba ɗaya a bakin ƙofa. Ta manta sunan mijinta, ta manta asibitocin da ta yi wa aiki, amma wannan bakin ƙofar yana nan daram.

Da wata ma'aikaciyar ce, da ta ce mata, Mama, ai ke tsohuwa ce, nan Amurka ne, ki sha shayinki. Kaltouma ba ta ce haka ba. A gidansu ba a ƙaryata babba, ko da ya ce rana daga yamma take fitowa. Ban da haka ma, ita kanta a rumfar kara ta yi karatu, inda bayan girbi kowane ɗalibi ke ɗauko damin karan gero a ka don a gina aji, wanda bai kawo ba a zaunar da shi gefen da rana ke duka. Ba sai an yi mata dogon bayani ba.

Ta fita farfajiya, ta zaro guntun itace daga cikin faskaren da marigayin ya bari, ta sa wa tsohuwar a hammata. Can ƙarshen fili akwai ɗan ɗakin katako inda yake ajiye kayan aikinsa. Kaltouma ta share shi, ta kawo kujeru biyu da 'yar na'urar ɗumama ɗaki mai yin ja idan an kunna. Ta kama hannun Scholastica suka ratsa ciyawa. Tsohuwar ta ajiye itacen kusa da na'urar, ta zauna dab da ita, ta miƙa tafukan hannunta ga ɗumin, ta sauke ajiyar zuciya. Ranar ta ci abincinta tas, ta yi barcin rana, ba ta ko kalli ƙofar titi ba.

Haka makaranta ta buɗe a McLeansville, malama ɗaya, ɗaliba ɗaya, itace guda ɗaya wanda kullum da yamma ake mayar da shi inda aka ɗauko shi. Kaltouma ce ke kiran suna. Ta haddace sunayen yaran ajin daga bakin tsohuwar, ko da yake in masu sunayen sun ji yadda take faɗar su ba lalle su waiwayo ba. Scholastica tana amsa wa kowa da harshensu, ta ce wane yana nan, wance kuwa an riƙe ta a gida don ana haƙar dankali.

A wannan ɗakin katakon Kaltouma ta san tarihin makarantar da ba ta taɓa gani ba, gutsure-gutsure, yau nan gobe can. Tun zamanin mulkin Ingila aka gina ta. Mutanen ƙauyen ne suka yi jigilar duwatsu a bayan jakuna, kakan Scholastica na cikinsu. Aji biyu ne, ƙofar maza daban ta mata daban, ko da yake da zarar an shiga murhu ɗaya ake yi wa rububi. A zamanin kakanta ana dukan yaro in ya yi harshen uwarsa a aji. A nata zamanin, bayan an sami 'yancin kai, dukan ya koma kan wanda bai iya shi ba, su dai yaran ba su huta ba. Fadan cocin ƙauyen shi ne uban makarantar, in ya shigo kowa sai ya miƙe har malam. Da zafi yara na zuwa ba takalmi. Akwai ranar da sufeto ya zo daga birni a kan keke, iska ta kwashe hularsa ta jefa a fadama, ajin gaba ɗaya ya sha bulala saboda dariya. Wannan labarin Kaltouma ta ji shi ya fi a ƙirga, kuma duk lokacin sai sun yi dariyar tare.

Lokacin da Scholastica ke ƙarama yaran sun yi yawan da wasu ke zama a kan taga. Daga baya jirgin ruwa ya riƙa kwasar su ɗaya bayan ɗaya, wannan Ingila, wancan Amurka. Wanda ya gama aji na ƙarshe sai uwarsa ta fara ɗinka masa rigar tafiya. Idan zance ya zo nan Kaltouma takan tuna ƙauyukan da ke bayan Tasawa, inda in rani ya yi ba ka ganin kowa sai tsofaffi da awaki.

Kowace yamma Nuala tana bugo waya ta ce, "Yaya Mama yau?" Kaltouma kuwa ta ce, "Da sauƙi."

Da Turanci take faɗa, amma maganar ta gida ce. A wurinmu ba a cewa jikin mara lafiya ya tsananta. Mutum na kwance rai a hannun Allah, ka tambaya, a ce maka da sauƙi, kai kuma ka duba fuskar mai maganar ka san ko ka tafi kasuwa ko ka zauna. Mai cewa jiki ya yi tsanani kamar yana yi wa mutum mugun baki ne. Lokacin ciwon mahaifiyarta ma, da sauƙi aka yi ta ce wa Kaltouma a waya har safiyar da aka kai uwar makwancinta, kuma ba ta ga laifin kowa ba, don tun kwana biyu kafin nan ta ji abin a muryar yayanta. To, Nuala ba 'yar Tasawa ba ce. An ce mata da sauƙi, ta rubuta a zuciyarta cewa uwarta na samun lafiya. In ta zo ranar Asabar da rana, an riga an je makaranta an dawo, sai ta tarar da tsohuwa tsaf a kujera tana murmushi. Ranar Lahadi kuwa wata maƙwabciya ke kai ta coci, kuma duk yaron ƙauyensu ya san ba a karatu ranar coci. Saboda haka Nuala ba ta san da zancen ɗakin katako ba, ba ta kuma ga dalilin ɗaukar mai kwana da uwarta ba.

Alhali jikin ba sauƙi. Tsohuwar ta fara riƙe cokali tana kallonsa kamar ba ta san amfaninsa ba. Zafi ya shigo, mutane na yawo da 'yar shimi, ita tana nan cikin rigar sanyinta. Makarantar nan kaɗai ke riƙe da ita, Kaltouma kuma ta san haka sarai.

Wata yamma a watan Yuni Nuala ta bugo tana murna. Ta ce an neme ta daga Ireland. Makarantar Gortnaveen za a rufe ta ƙarshen wata, don yaran da suka rage ba su cika benci biyu ba, za a riƙa kwasar su a mota zuwa gari. Mutanen ƙauyen za su yi taron ban kwana, suna tattara tarihin makarantar, kuma sun bincika sun gano babu ɗalibin da ya kai mahaifiyarta shekaru a raye. Suna so su kira tsohuwar a bidiyo ranar Juma'a ta yi wa taron magana.

Kaltouma ta ce, "Ko za a bari sai wani lokaci? Mama tana saurin gajiya."

"Babu wani lokaci, ranar za su kulle. Kuma ai ke kika ce kullum tana samun sauƙi. Ba don haka ba da ban amsa musu ba."

Kaltouma ta ce Allah ya kai mu.

A gidansu da ke kusa da titin Wendover ta tarar da mijinta Boukari yana cin tuwo a tsaye, yana shirin tafiya sito inda yake aikin lodi. Ta zayyana masa komai. Ya ce, "Bon, ke ma kin san mutanen nan. Ba sa jin magana sai an faɗa musu direct. Ki kira ta ki ce Maman ba ta da lafiya, lakwal ɗin nan, makarantar taku, ita ke riƙe da ita, point."

"In ce mata jikin uwarta ya lalace? Da bakina?"

"To da bakin wa? Ni schedule ɗina ya fara, sai na dawo."

Ta ɗauki wayar sau da yawa a kwanakin nan. Sau ɗaya ma har ta kira, Nuala ta ɗauka tana cikin taro, ta ce, "Lafiya dai? Wani abu ya sami Mama?" In Kaltouma ta faɗi gaskiyar jikin, ta san maganar gidan tsofaffi za ta taso. In ta yi shiru, Juma'a na tafe. Ta ce, "A'a, lafiya lau." Ta ajiye wayar tana jin haushin kanta.

Ranar Juma'a Nuala ta iso da sassafe, ta cire wa uwarta rigar sanyi, ta sa mata wata shuɗiya mai kyau, ta taje mata gashi. Tsohuwar tana ta waigen Kaltouma tana nuna ƙofar farfajiya da ido, don lokacin makaranta ya yi. Kaltouma ta raɗa mata cewa yau sai an jima. Aka zaunar da ita a falo, aka jingina babbar waya a kan tebur.

Sai ga mutane cike da allo, tsofaffi da yara, suna ɗaga hannu suna tafi. Wata matashiya ta gabatar da kanta, ta ce ita ce malamar ƙarshe ta makarantar. Mutanen kirki ne, babu mai mugun nufi a cikinsu. Malamar ta ɗauki wayar tana zagayawa da ita, ga bangon dutse, ga taga, ga ƙofar mata da yanzu aka mayar wurin rataye jakunkuna. Scholastica ta matso da fuskarta har hancinta na neman taɓa gilashi. Ta gane tagar. Ta ɗaga yatsa ta ce nan wane yake zama. Taron ya yi tafi, Nuala ta share hawaye.

Daga nan tsohuwar ta ce, "Ina wutar?"

Malamar ta yi dariya, ta juya wayar ga wani bango da aka shafe da fenti rawaya, an manna zanen yara a kai. Ta ce an toshe murhun tun kafin a haife ta. Wani dattijo ya leƙo ya ɗaga murya yadda ake yi wa kurma, ya ce shi ɗan wane ne, ya ambaci ɗaya daga cikin sunayen da Kaltouma ke kira kowace safiya. Ya ce mahaifinsa ya rasu bara. "Ke kaɗai kika rage a ajinku," in ji shi. "Duk sun tafi. Yau kuma da yamma za mu kulle ƙofar, shi ke nan."

Kaltouma tana tsaye a bakin kicin da tawul a hannu. Ba a tambaye ta komai ba, kuma ba wurin maganarta ba ne. Tana kallo fuskar tsohuwar ta sauya, bakin ya ɗan buɗe, hannun ya sauka a cinya. Suka yi ta yi mata tambayoyi, wane ne malaminsu, me suke ci da rana, duk abubuwan da ta sha ba Kaltouma labari har da kwaikwayon murya. Ba ta amsa ko ɗaya ba. Nuala ta ba su haƙuri, ta ce gajiya ce.

Da safiyar Asabar, Nuala na barci, Kaltouma ta sa wa tsohuwar itacen a hammata suka ratsa ciyawa kamar kullum. Ta buɗe ɗakin katako, ta kunna na'urar. Scholastica ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi shiga. Ta dubi kujerun, ta dubi zarto da guduma da ke rataye a bango, ta ce, "Wannan ba ita ba ce. Wannan ɗakin kayan mijina ne." Ta juya tana duban titi. "Sun ce za su kulle. Dole in kai kafin su kulle."

Kaltouma ta yi lallashin duniya, ta kira sunaye, ba a amsa ko ɗaya ba. Da Nuala ta tashi, ta tattara duk ƙarfin halinta ta ce mata, "Mama ba kamar jiya take ba. Kada a bar ta ita kaɗai." Iyakar abin da bakinta ya iya ke nan, kuma a Tasawa wannan maganar ta isa a tara dangi. Nuala ta ce ita ma ta lura, kiran ne ya gajiyar da ita, za ta nemi mai kwana da ita mako mai zuwa, amma dole ta koma Charlotte ranar Lahadi saboda aiki. Kaltouma ta ce ita za ta kwana. Ta kira kamfani, suka ce doka ba ta yarda ma'aikaciya ta wuce awanninta a gidan mutane ba, in ta yi za a sallame ta.

Ranar Litinin tana idar da sallar asuba ta ɗauki mota. A babban titi wata tirela ta faɗi, motoci suka yi cirko-cirko, ba gaba ba baya. Tana zaune ta riƙe sitiyari tana kallon gari na wayewa, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Da ta isa, ƙofar gidan a buɗe take. Takalman tsohuwar na ajiye a jere a kan matakala, don da zafi ba a zuwa makaranta da takalmi.

Wani mai a-kori-kura ne ya tsinci tsohuwar can nesa a gefen hanyar Burlington, cikin rigar barci, tafin ƙafafunta duk sun tsage, itacen na hammatarta. Ya ce ya yi ya yi ta ba shi ta ƙi.

A asibiti Nuala ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta zauna kusa da Kaltouma a baranda, idanunta sun kumbura. Kaltouma ta ba ta labarin ɗakin katako tun daga farko. Nuala ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Duk watannin nan? Kullum ina tambayarki, kullum kina ce min tana samun sauƙi. Me ya sa?"

Kaltouma ta nemi yadda za ta bayyana mata da Turancin da take da shi, ta rasa. Ta ce, "A wurinmu haka ake cewa." Ita kanta ta ji yadda maganar ta fito ba ta da nauyin komai. Nuala ta dube ta, ta kawar da kai. Likita ya riga ya faɗi abin da aka san zai faɗa.

An sallami Scholastica ta yi 'yan kwanaki a gida ƙafafun suka warke, Nuala na kwana da ita, kafin a sami gado a wani gidan tsofaffi a cikin gari. Ranar tafiya tsohuwar ta ƙi fita. Ba a gaya mata komai ba, amma ta ga akwati. Ta riƙe ƙarfen gadonta da hannu biyu, ta ce nan ne ɗakinta, ba inda za ta. Hankalin da aka yi wata da watanni ana nema, ranar ya dawo. Nuala ta roƙe ta, ta yi kuka, ta fita farfajiya ta dawo. Ma'aikatan gidan tsofaffin sun ce in ta ƙi, za su turo maza biyu da kujerar da ake ɗaure mutum.

Nuala ta ja Kaltouma gefe. "Ke take ji," ta ce, ba ta iya haɗa ido da ita ba. "Ki ce mata makaranta za a je. Don Allah. Ba na so a ɗaure ta."

Kaltouma ta ƙirƙiro makarantar nan ne don tsohuwar ta zauna a gidanta. Ta duba ko akwai wata hanya, ba ta ga ko ɗaya ba. Ta shiga ɗakin, ta durƙusa a gaban gadon, ta gyara murya irin ta malamai.

"Mama, an fasa kullewa. An mayar da makarantar wani wuri ne, da nisa, sai a mota. Tashi, za mu makara."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon ta. A hankali yatsun suka saki ƙarfen. Ta ce, "Da gaske, Malama?"

"Da gaske."

Ta miƙe da kanta, ta gyara wuyan rigarta. Ta wuce hoton mijinta, ta wuce kujerarta, ba ta waiwayi komai ba, har tana ce wa Nuala ta yi sauri. A mota ta zauna a baya ta riƙe hannun Kaltouma, tana kallon manyan kantunan Wendover suna wucewa, tana mamakin yadda ƙauyen ya cika.

Gidan tsofaffin tsaf yake, yana warin maganin goge ƙasa. Wata ma'aikaciya ta danna lambobi a jikin bango, ƙofar ta buɗe, suka shiga, ta rufe da kanta. A wani babban ɗaki tsofaffi na zaune a jere suna fuskantar talabijin, wasu na barci. Scholastica ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta raɗa wa Kaltouma cewa ba ta san yaran nan ba. Kaltouma ta ce sababbi ne. Ta samo mata kujera nesa da ƙofa ta zaunar da ita. Wayarta ta yi ƙara a aljihu. Kamfani ne, sun turo adireshin gidan da za ta fara zuwa gobe, can wani gefen gari.

Nuala ta tafi ofis sa hannu. Ma'aikaciyar ta yi wa Kaltouma alama cewa gara ta zame tun tsohuwar ba ta rikice ba. Ta miƙe a hankali, amma hannun ya riƙo gefen mayafinta.

"Malama, ban san hanyar gida daga nan ba. In an tashi, za ki zo ki mayar da ni?"

Kaltouma ta ce, "Zan zo."

Tsohuwar ta saki mayafin, ta haɗa hannuwanta a cinya, ta miƙe zaune tana fuskantar gaba. Kaltouma ta je bakin ƙofa ta tsaya, ta juya wa ɗakin baya don kada a ga fuskarta, tana jiran a zo a danna mata lambobin ta fita.